Dallatu da Sandarsa a Tudun Ɓuntu

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayin Rafin Kanya, can bayan Bagwai, ya sha labarin ƙanƙarar Dallatu, ko yana so ko ba ya so. Ba sai an tambaye shi ba. Kana cewa yau rana ta yi zafi, sai ya ajiye kofi ya ce, "Ku gode wa Allah, ba ku san sanyi ba." Shi ke nan ka tsokano, shayinka ya huce a banza.

Ga asalin maganar. Shekara takwas da suka wuce wani Bature mutumin Norway ya zo gyaran magudanan ruwan noman rani, aka ɗauki Dallatu yana riƙe masa lema da gorar ruwa na wata bakwai. In an tashi aiki Baturen yakan nuna masa a waya yadda suke zamiya a kan dusar ƙanƙara a ƙasarsu, da wani salo da suke kira telemak. Katako biyu dogaye a ƙafa, yatsu a ɗaure, dunduniya a sake, sanda bibbiyu a hannu, mutum yana gangarowa daga dutse, in zai juya sai ya kai sanda ƙasa ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya kewaye ta. Da Baturen zai tafi ya bar wa Dallatu sanda ɗaya, wadda yake dogarawa in suna bin kunyoyi. Sanda ɗaya tak, jama'a. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Amma labari a bakin Dallatu yaɗo yake kamar kabewa a juji. Shekarar farko a waya ya gani. Shekara ta uku Baturen ne ya koya masa hannu da hannu. Kafin ta shida ya je can da ƙafarsa, har ya kayar da mutum biyu a gasa, ɗayansu ma soja ne. Alhali kowa a garin ya san ko Zariya sau ɗaya ya taɓa zuwa, ita ma motar albasa ya biyo, barci ya kwashe shi aka wuce da shi.

Da abin ya tsaya a teburin mai shayi da babu wanda ya damu. Sai ga takarda ta zo wa ƙungiyar manoman shinkafa da masu turara ta, cewa an ba su kujera ɗaya a wata tafiya zuwa ƙasar Turai don ganin injinan gyaran shinkafa. Aka taru a filin injin casa, maza a kan benci, mata a kan tabarmi. Shugaban ƙungiya, Malam Abdulmumini, dattijo mai sanyin magana, ya karanta takardar sau biyu. Mata tun kafin ya ninke ta suka ce Hajiya Furera. Ita ce shugabar masu turara shinkafa, kuma 'yar gwaggon Dallatu ce, taubashiyarsa. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya yagi ɗaya ba.

Dallatu ya miƙe a hankali, ya dogara sandar Bature.

"Malam, a wane wata ne tafiyar?"

"An ce Janairu."

"Janairu!" Ya yi dariya har da dafa gwiwa. "Furera za ku aika a Janairu? Wallahi daga matakalar jirgi za ta sulale, sai dai a tsinto muku ita a wata ƙasar. Can ba a tafiya da ƙafa, jama'a. Zamewa ake yi. Wanda bai iya kafa sanda ba ko kanti ba zai kai ba."

Furera ta gyara mayafi ta ce, "Ranar da ka sulalo daga kan jakin Kawu a tsakiyar kasuwa, ita ma ƙanƙara ce ta zuba?"

"Jakin ne bai da tarbiyya."

"Gidanku ya tashi."

Aka fashe da dariya. Dallatu bai ko dubi masu dariyar ba, ya ɗaga sanda sama. "Ku yi ta yi. Ni abin da ke ba ni baƙin ciki, garin nan shimfiɗe yake kamar faifai. Da akwai tudu ko ɗaya, da yau na nuna muku abin da idonku bai taɓa gani ba."

"Ga tudu," in ji Furera.

Ta nuna bayan injin da leɓe. Kowa ya waiwaya. Tulin ɓuntun shinkafa ne da aka yi shekara shida ana zubarwa a wurin, ya ninka rufin injin sau biyu a tsayi, rana na dukansa yana sheƙi. Dallatu ya dube shi. Shekararsa shida yana wuce tulin nan bai taɓa lura da cewa haka yake da tsawo ba. Amma bakinsa ya saba riga hankalinsa tashi.

"Wannan? Wannan ai can yara ake koya wa a irinsa."

"To Asabar bayan azahar," in ji Furera. "Ka sauko mu gani."

"Juyi uku zan yi kafin in iso ƙasa. Kuma hulata ba za ta faɗi ba."

Malam Abdulmumini ya ce to madalla, ran Asabar ɗin dama za a mayar da takarda, in Dallatu ya gama nuna wa jama'a sai a ɗaga hannu a zaɓi mai tafiya. Maza da yawa suka gyaɗa kai. Ba wai sun yarda da Dallatu ba ne, so suke a ba su dalilin da za su zaɓi namiji ba tare da an yi musu gori a gida ba.

Washegari da hantsi Dallatu ya isa rumfar Mudassir kafinta da ƙyauren ɗakin awakinsa a ka. Mudassir sa'ansa ne, tare aka yi musu kaciya, don haka ba ya raga masa.

"Ka tsaga min shi biyu," in ji Dallatu, "ka fere goshin ya ɗan ɗaga. Sannan ga takalmana, ka buga musu ƙusa a yatsu kawai. Kar ka taɓa dunduniya."

"Rabin aiki kake so in yi, a ce Mudassir ya tsufa?"

"Dunduniyar ce sirrin. In ta maƙale da me zan durƙusa?"

"Wa za ka gaisar a can saman?"

"Kai dai buga."

Mudassir ya buga. Yana bugawa ya zaro wayarsa ya lalubo masu wasan, ya ƙura musu ido wani ɗan lokaci, sannan ya ce, "Dallatu, zo ka gani. Ni fa mutanen nan ban ga suna soka sandar ba. Ɗan taɓa ƙasa suke yi da tsininta, wuyan hannu kawai ke motsi, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Da ta taɓa sun juya sun wuce."

Dallatu ya yi murmushin tausayi. "Haka shi ma Baturen ya ce min. Taɓawa kawai, wai don ka san lokacin juyi. Na yi shiru ne saboda ubangidana ne. Amma ka duba abin da suke ci, Mudassir. Mutumin da ya karya kumallo da ganye da ruwan zafi, da wane ƙarfi zai kafa sanda? Rashin ƙarfi ne suka mayar da shi ƙa'ida. Ni shekara talatin ina sara da sungumi. Turken da na kafa wa bijimina bara har yau yana nan, bijimin ma an sayar. In na kafa sanda, ƙasa sai ta san an kafa mata abu."

"Wannan ɗan faifan da ke kusa da tsinin ta Baturen fa? Ba don kar ta nutse aka sa shi ba?"

"Ado ne."

Saura sanda ta biyu. Ya gwada karan dawa, ya karye tun a zaure. Ya gwada taɓaryar matarsa Tahira, ta biyo shi har ƙofar gida ta karɓe abarta. Daga ƙarshe ya je wurin mai walda aka yanko masa rodi wanda ya fi shi tsawo da kamu guda, aka fiƙe bakinsa kamar mashi, aka liƙa masa zoben ƙarfe a sama inda zai zura hannu, tunda ta Baturen tana da maɗauri. Zoben ya yi ɗan kaɗan. Mai walda ya ce a sake, Dallatu ya ce a'a, gara mai kamawa.

Da la'asar ya fara gwaji a tsakar gida. Ya zura ƙafa a takalman, ya tura dama gaba, ya kai gwiwar hagu ƙasa, ya ɗaga rodi ya caka. Kaji suka watse. Ya sauya ƙafa, ya sake durƙusawa, ya sake cakawa. Tahira na bakin murhu tana kallonsa, ludayi a hannu.

"Malam, in laifi ka yi min ka faɗa kawai, ba sai ka durƙusa ba."

"Horo nake."

"Daɓen nan fa da hannuna na yi shi. Rami nawa ke nan?"

"Ki bari in dawo daga Turai, siminti za a zuba."

"Awakin kuma da ka cire musu ƙyaure, su ma sai ka dawo? Ga ɗaya can a kan buhun dusa."

Ya ga gida ba zai yi ba, ya kwashi kayansa ya fita lungu. Nan kuma wata sabuwa. Duk durƙuson da ya yi sai wani tsoho ya tsaya ya amsa, "Yauwa, lafiya lau, Allah ya yi albarka." Surukinsa ya ɓullo daga kwana, ya tarar da shi gwiwa a ƙasa, fuska a murtuke, da mashi a hannu. Tsohon ya juya ya koma ta inda ya fito, ya aika a tambayi Tahira ko lafiya.

Ran Alhamis Dallatu ya koma bakin fadama, inda ba kowa, ya sami 'yar gangara a gefen gonar albasar Malam Abdulmumini. Katakon bai zame ba ko taƙi ɗaya, amma sandar ta samu. Caka ta farko lafiya. Ta biyu ma. A ta uku ya ji wani ɗan taushi, sai ruwa ya yi tsiri ya doke shi a haɓa. Tiyon ban-ruwan Malam ne da aka binne a ƙarƙashin kunya. Malam Abdulmumini ya taso daga wurin injin ruwa, ya tsaya yana duban tsirin, yana duban Dallatu da ke ɗiga.

"Dallatu, wannan ma cikin wasan ne?"

"Malam, ka ga dai zurfin da ta yi. Bature ko sama-saman tiyon nan ba zai taɓa ba."

"Da na fi son Baturen," in ji Malam, ya tafi neman robar ɗauri.

Abu ɗaya ya dami Dallatu, rashin zamewar katakon. Sai ya tuna Baturen ya ce suna goga wa nasu wani abu kamar kakin zuma. Kakin zuma kuwa tsada, kuma a ganinsa bai kai kitse santsi ba. Ran Asabar da safe ya je wurin mahauta ya karɓo kitsen rago cike da leda, ya zauna ya dalaye ƙasan katakon har yana ƙyalli. Da ragowar ya shafe hannunsa na dama, ya murɗa shi cikin zoben rodin da ƙyar, ya shige.

Kafin a sallame azahar filin injin ya cika. Har daga ƙauyukan gefe an zo a kan babura. Mai rake ya kafa baro, mai ƙosai ta hura wuta. 'Yan ƙungiya suka zauna a gaba, maza sha huɗu ban da Dallatu, mata sha huɗu. Sai ga shi ya taho da babbar riga, ya ɗaure ta a ƙugu da rawani, hula a karkace, katako a kafaɗa, karnukan maharba uku na biye da shi suna lasar iska.

"Ga ɗaliban naka nan ka taho da su," in ji Furera.

Dallatu ya wuce ta. Ya ɗaura katako a gindin tudu ya ce zai hau yadda ake hawa a can. Taku ɗaya ya nutse zuwa ƙwauri. Karnuka suka samu dama suka rufar wa katakon da harshe, ya kai musu rodi, ya kusa tsire mai rake. Daga ƙarshe dai ya cire, ya rataya su a wuya, ya hau da rarrafe, ɓuntu na zubowa cikin rigarsa. Mudassir ya bi shi da jakar kayan aiki, wai ko ƙusa za ta fita.

A can sama iska na kaɗawa. Dallatu ya leƙa ƙasa ya ga mutane sun koma kamar 'yan tsaki. Ya yi gyaran murya ya ɗaga sanda.

"Jama'a! Ku sa ido a hannuna, kar ku kalli ƙafa! Duk ilimin a sanda yake!"

"Mun gani!" aka amsa daga ƙasa. "Sauko!"

Ya mayar da katako a ƙafa, ya yi bisimilla, ya tura ƙirji gaba, ya rufe ido. Ya ji iska a fuskarsa. Ya ji shiru. Da ya buɗe ido yana nan inda yake. Ɓuntu ya manne wa kitsen ya yi kauri kamar ƙuli-ƙuli, katakon ya zama tabarma.

"Ka iso ne?" Furera ta ɗaga murya. "Mu ba mu ga wucewarka ba, saurin ya yi yawa!"

Filin ya ɗauki ihu. Dallatu ya juya ga Mudassir, murya ƙasa-ƙasa. "Yi wani abu, don girman Allah."

Mudassir ya kankare kitsen da wuƙar fira, ya duba gefe ya ga tsofaffin buhunan taki da iska ta kwaso, ya zaro ledar cikinsu mai santsi, ya shimfiɗa a ƙasan katakon ya bi ta da ƙananan ƙusoshi. Yana gamawa ya ce, "Dallatu, mu sauka da ƙafa. In ce musu katakon ne bai yi ba, laifina ne."

Maganar ta shiga Dallatu, har ya buɗe baki zai ce to. Sai ya hango Furera ta miƙe tana kwaikwayon durƙusonsa da muciya a hannu, mata na tafa mata.

"Matsa," in ji shi.

Bai ma gama zura ƙafa ta biyu sosai ba ledar ta ɗauke shi. Abin da kitse ya hana, leda ta biya da ƙari. Babbar riga ta cika da iska, hula ta yi nata wuri tun a kamu goma na farko. Mutane suka miƙe tsaye. Dallatu ya ji ana wani irin ihu kusa da shi, sai daga baya ya gane nasa ne. Amma Allah ya sani, bai manta karatunsa ba. Ya tura ƙafa gaba, ya kai gwiwa ƙasa, ya ɗaga rodi da ƙarfin shekara talatin na sungumi, ya kafa.

Ɓuntu ba ƙasa ba ne. Rodin ya shige kamar an soka shi a kunu, ya tafi har zobe, hannun Dallatu ya bi shi har kafaɗa. Saman jikinsa ya tsaya, ƙafafu ba su ji labari ba, suka ci gaba da tafiya. Sai ga Dallatu ya kewaye rodin nan fiu, gwiwa a ƙasa, ɓuntu na tashi a bayansa kamar feshi, katako biyu a jere. Wallahi kyakkyawan juyi ne. Ko a wayar Mudassir ba a fi haka ba.

"Ya juya!" maza suka ɗauka. "Wallahi ya juya! Ɗaya!"

Dallatu na kwance a gefen tudu, hannu a binne, ya ji ana kiran sunansa. Ya ɗago fuska cike da ɓuntu ya yi murmushi. Yana shirin ɗaga sandar Bature ya amsa gaisuwa sai ya ji tudun ya yi wani nishi a ƙarƙashinsa.

Shekara shida ruwan sama na dukan tulin nan rana na busar da shi, har ya yi ɓawo a sama, ciki kuwa gari ne zalla. Rodin ya tsaga ɓawon daga sama har ƙasa. Gefen tudun gaba ɗaya ya saki. Ya taho da Dallatu, da rodin, da buhunan taki, da wata kaza da ke kwanci a wani rami ba wanda ya sani. Mai ƙosai ta sunkuci kaskonta. Mai rake ya bar baro. Karnuka suka riga kowa.

Juyi na biyu da na uku an yi su, har da na huɗu da na biyar, sai dai ba da ƙafa aka yi su ba. Wani lokaci katako ne a sama, wani lokaci rawani. Da ya ga ƙasa ta taso masa, ga bencin 'yan ƙungiya a gabansa, sai ya yi abin da ya iya. Ya tattara sauran ƙarfinsa ya kafa rodin a karo na biyu. Wannan karon ƙasa ce ta gaske, laka mai danshi inda mata ke zubar da ruwan jiƙon shinkafa. Rodin ya shige kamu biyu ya tsaya cak. Dallatu ya tsaya tare da shi, a durƙushe. Ɓuntun da ke biye da shi ya iso ya rufe shi har hammata.

Da ƙura ta lafa, ga abin da jama'a suka gani: kan Dallatu, da kafaɗunsa, da hannunsa na dama a miƙe sama cikin zoben rodi, taku uku daga tabarmar Furera. Kazar ta fito daga bayansa ta girgije ta yi gaba.

"Dallatu, kana da rai?" in ji Malam Abdulmumini.

Ya tofar da ɓuntu. "Haka ake tsayawa."

"Alhamdu lillahi. Ku ciro shi."

Aka kama shi ta hammata aka ja, ya yi ƙara, don katakon na can ƙasa a binne da ƙafafunsa a ciki. Aka koma kan rodin. Mutum biyu suka ja, bai motsa ba. Huɗu suka kama, ko gezau. Aka ce to ya zare hannunsa. Hannun kuwa ya kumbura da fizgar da ya sha, zoben ya shige cikin nama. Mudassir da ya gangaro da gindi ya duba ya ce sai zarto, ya hau babur ya tafi rumfarsa. Wasu suka fara tone ɓuntun da hannu, yana komawa. Ga ƙaiƙayi ya fara aiki, ɓuntu ya shiga duk inda tufa ta rufe, Dallatu na mutsu-mutsu yana sosa wuya da haɓa.

Malam Abdulmumini ya dubi rana ya ce, "Jama'a, la'asar ta gabato, mai karɓar takarda kuma ba zai jira mu ba. Tunda ɗan takara yana nan kuma yana ji, a yi abin da ya tara mu."

Maza suka matsa gefe suna ƙus-ƙus. Wani ya ce ai dai ya juya, kowa ya gani. Wani ya ce mutumin da ya yi wannan saboda ƙungiya bai kamata a kunyata shi ba. Suka daidaita, su sha huɗu, har da Malam da tiyonsa. Dallatu ya ji su, ya yi lissafi, sha huɗu da shi sha biyar. Duk da ƙaiƙayin sai da ya yi wa Furera gwalo.

"Masu son Hajiya Furera ta tafi," in ji Malam, "su ɗaga hannu."

Mata suka ɗaga. Malam ya bi su da yatsa yana ƙirgawa a fili, ɗaya, biyu, har sha huɗu. Zai sauke yatsa ke nan Furera ta ce, "Malam, ba ka gama ba. Ga wani can."

Yatsan Malam ya juya a hankali ya tsaya a kan rodin.

"Kai! Kai! Malam!" Dallatu ya yi kururuwa. "Ba ɗagawa na yi ba!"

"To sauke shi."

Ya ja. Ya murɗa. Ya cije leɓe ya ja da dukkan jikinsa har jijiyar wuyansa ta fito. Hannun na nan a sama, yatsu biyar a buɗe, ya ma fi na kowa tsawo.

"Malam, ka san dai maƙalewa ya yi!"

"Ni dokar da muka rubuta ta ce a ƙirga hannun da ke sama. Ba ta ce a tambayi dalili ba. Kai ka kawo dokar ma, shekarar da aka zaɓi ma'aji." Malam ya ɗan jira, don adalci. Hannun bai sauka ba. "Sha biyar."

Guɗa ta tashi. Maza sha huɗu suka dubi juna, suka ga ko sun ɗaga ba ta sauya ba, wasu ma a ɓoye suka ji daɗi. Furera ta taso ta tsaya a gabansa, ta ɗan rusuna.

"Ɗan Kawu, ban san haka kake ƙaunata ba. Tun daga can sama ka taho a guje don kar a yi ba kai, ka durƙusa, ka ɗaga hannu tun ba a tambaya ba. Allah ya bar zumunci. Me zan taho maka da shi?"

"Ki je," in ji Dallatu, yana huci. "Ki je ki faɗi a gaban Turawa."

"In na faɗi zan tashi. Ba wanda zai nemo min zarto."

Aka watse zuwa masallaci ana ta dariya, aka bar shi da mutum biyu masu tono. Can sai ga Mudassir da zarto. Ya tsuguna, ya tura tsumma tsakanin zoben da fata, ya fara gogawa a hankali. Dallatu ya bi rodin da kallo, tun daga zobe har inda ya shige laka. Da aka jima ya ce,

"Mudassir."

"Na'am."

"Mutum nawa suka ja ta?"

"Huɗu."

"Ta motsa?"

"Ba ta motsa ba."

Dallatu ya gyaɗa kai, ɓuntu na zubowa daga gemunsa.

"To ka nemo min Baturen da zai kafa irin wannan."